Baƙin Raleigh na Kakuri: Wane Zamani Za A Maido?

Tsohon keken Raleigh ƙirar da, mai birkin sanda da murfin sarƙa da kariya, nauyinsa ya kusa kilo 20. Wannan adadi shi kaɗai ɗan gwangwan yake bukatar sani game da shi. Ba ruwansa da shekarar da aka ƙera shi, ko masaƙar da mai shi ya yi wa aiki, ko buhunan masarar da ya ɗauko daga kasuwa. A ɗora a sikeli, a biya, a jefa cikin kura, a wuce gida na gaba. Ta haka ne a unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa, kudu da Kogin Kaduna, kekunan da suka yi shekaru a jingine a zaure ko a bayan ɗaki suke komawa narkakken ƙarfe, galibi bayan rasuwar mai su, lokacin da magada suke neman sarari a gida da ɗan abin cefane.

Ba laifin magadan ba ne. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa abin da ke hannunsu yana da wata daraja ban da nauyinsa. A wasu ƙasashe kuwa akwai jama'a guda da suka mayar da tara tsofaffin kekuna da gyara su wani fanni na ilimi, mai ƙa'idojinsa da gardandaminsa. Akwai abin da Kaduna za ta ɗauka daga wurinsu, akwai kuma abin da ya kamata ta bar musu.

Ƙa'idar kayan zamaninsa

Keken hawan tsauni, wanda a nan aka fi sani da keke mai giya, bai daɗe a duniya ba. A tsakiyar shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka fara gangaro duwatsu a kan tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tseren gangara da suka kira Repack, saboda zafin birki yana ƙone giris ɗin cibiyar ƙafar baya, sai an sake cusa wani bayan kowace gangara. A 1977 Joe Breeze ya ƙera gangar jikin keke sabuwa musamman domin wannan wasa, kuma keken nasa na farko yanzu yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai irin wannan keke shagunan talakawan gari.

Masu tara kekunan wancan zamani, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990, suna da ƙa'ida guda da suka ɗora komai a kanta: kowane ƙarfe da ke jikin keke ya zama na zamaninsa. Idan gangar jikin ta 1989 ce, to birki da giya da sirdi da feda, har da robar riƙon hannu, duk su zama waɗanda ake samu a 1989. Suna da hanyar tantancewa. Kamfanin Shimano na Japan yana buga haruffa biyu a bayan kayansa, na farko shekara, na biyu wata. Mutum zai yi wata shida yana neman hannun birki guda a intanet, don kawai wanda ke hannunsa ya girmi keken ko ya ƙanƙance shi da shekara uku. Suna ajiye tsofaffin littattafan tallan kamfanoni kamar yadda malami yake ajiye kundinsa, kuma da su ake raba gardama.

Wanda ya ga wannan daga nesa zai ce aikin banza ne na wanda ya ƙoshi. Amma a ƙarƙashinsa akwai tunani mai kyau: abin da mutane suka ƙera shaida ne, kuma shaida tana lalacewa idan aka sassauya ta ba tare da an rubuta ba. Wannan tunanin ne Kaduna ba ta yi amfani da shi a kan kayan ma'aikatanta ba.

Dokin ma'aikacin masaƙa

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead and Sons na Lankasha a Ingila. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Najeriya. Cikin shekarun 1960 Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles da jarin Japanawa, sai United Nigerian Textiles ta iyalan Cha na Honkon. Masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara fitar da mota a 1975. Cikin shekara ashirin yankin da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa ya zama unguwar dubban ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan, masu shiga aiki kashi-kashi, dare da rana.

Masaƙa ba ta jiran kowa. Wanda zai karɓi aikin asuba daga Barnawa ko Sabon Tasha, ko ya tsallako gada daga Tudun Wada, yana bukatar abin hawa da ba ya neman mai, ba ya jiran fasinja ya cika. Keke ne ya biya wannan bukata, kuma sarkin kekuna shi ne Raleigh na birnin Notingam, mai tambarin kan zalɓe. Sauran sunayen da dattawa suke tunawa, irin su Rudge da Humber da Hercules da Phillips, daga 1960 duk sun koma ƙarƙashin inuwa ɗaya da Raleigh. Kasuwar Najeriya ta yi wa kamfanin girman da har ya kafa masana'anta a Bompai ta Kano. Keke a lokacin kadara ce: ana tara kuɗinsa wata da watanni, ana sa masa lambar lasin ta En'e, ana wanke shi ranar hutu. Har yau, ga mai son abin dariya, tsarin mulkin 1999 yana lissafa ba wa kekuna lasin cikin ayyukan ƙananan hukumomi.

Kuɗin Udoji na 1975 sun ɗauke wasu daga sirdin keke zuwa babur. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar naira sun mayar da kayan gyara na Ingila abin da ma'aikaci ba ya iya saya, sai Phoenix na Sin da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa. A 2002 KTL ta rufe ƙofa, ma'aikatanta suka shiga shekarun bin haƙƙoƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su gani ba. A wannan shekarar dai, 2002, Raleigh ya daina ƙera kekuna a Notingam.

Garuruwan biyu sun rasa masana'antunsu a shekara ɗaya, amma ba su yi rashi iri ɗaya ba. A Notingam takardun kamfanin suna ma'ajiyar tarihi ta gundumar, kekunansa suna gidan tarihin masana'antu na garin, wani ɓangare na filin masana'antar kuma ya zama harabar jami'a. A Kakuri gine-ginen suna nan ciyawa ta rufe su. Abin da ya rage daga rayuwar ma'aikacin masaƙa wanda za a iya taɓawa da hannu kaɗan ne: katin shaidar aiki, hoton da ya koɗe, wataƙila turmin atamfa a ƙasan akwati, sai keken. Shi ne mafi girma a cikinsu, kuma shi ne kaɗai ake saye da kilo.

Gyaran gangar Abzinawa

Ɗan gwangwan ba shi ne kaɗai mai hallaka tsohon keke ba. Akwai mai kyakkyawar niyya, ɗan da yake son ya karrama mahaifinsa, ya kai keken wurin mai fenti ya ce a mayar da shi sabo fil. Sai a kankare shi har ƙarfe, a fesa masa baƙin fentin mota, a yar da sirdin fata a sa na roba, a liƙa masa sitika mai sunan Raleigh da aka buga jiya. Siririn zanen ruwan zinari da ke bin gangar jikin ya tafi, lambar lasin ta tafi, wani lokaci har lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfe ta cike da fenti. Abin da ya dawo gida yana sheƙi, amma ba ya iya ba da labarin komai.

A nan ilimin masu tara kekuna yake da amfani, domin tsohon keke ana karanta shi. Idan yana da giya uku ko fitilar da ke samun wuta daga cibiyar ƙafa, ƙirar Sturmey-Archer, to a jikin cibiyar akwai lambobi da aka buga, shekara da wata. Sirdin fata na Brooks yana ɗauke da sunansa a baya. Faifan sarƙa na ainihin Raleigh yana da siffar kan zalɓe a yanke cikin ƙarfen. Ƙafafunsa inci 28 ne, kuma bakin wilinsa an yi shi ne domin birkin sanda ya ja daga ciki, ba ya matse daga gefe ba.

Akwai kuma abu ɗaya da tsofaffin masu gyaran keke suka sani da hannu ko da ba su san adadinsa ba. Raleigh na Notingam ya riƙe nasa ma'aunin zare a ramin da sandar feda ke juyawa da kuma wuyan keke: zare 26 a kowane inci, alhali yawancin sauran kamfanoni suna amfani da 24. Bambancin ba ya ganuwa da ido. Kofin boris mai zare 24 zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sannan ya cije. Yaron shago da bai sani ba sai ya ɗauko dogon sifana ya danna da ƙarfi, zaren gangar jikin ya cinye, daga nan kuma sai walda. Dattijon da ya yi shekara arba'in a ƙarƙashin bishiya yana wannan sana'a yana jin cijewar a yatsunsa ya tsaya. Irin waɗannan dattawa su ma suna ƙarewa, kuma yaran da suka koya a hannunsu yawanci sun koma gyaran babur da Keke Napep, inda kuɗin yake.

Inda ƙa'idar ta gaza

Duk da haka, wanda ya ɗauko ƙa'idar kayan zamaninsa ɗungurungum ya ɗora wa keken Kakuri zai yi ɓarnar da ba ta gaza ta mai fenti ba. A wurin mai tara kekuna na Turai, zamanin keke shi ne ranar da ya fito daga masana'anta, duk abin da ya biyo baya gurɓata ne da za a cire. Keken Kakuri kuwa darajarsa tana cikin abin da ya biyo bayan ne.

A ɗauki misalin keken da aka saya a farkon shekarun 1970. Kariyarsa ba ta kamfani ba ce, wani mai walda ne ya ƙera ta da rodi domin ta ɗauki buhu ko jarka huɗu. Fedarsa ɗaya ta Ingila ce, ɗayar ta Phoenix. An ɗaure sirdin da tsohon tib. Akwai tabon walda a inda sandar sama ta haɗu da wuya, alamar ranar da aka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A idon littafin talla, duk waɗannan kurakurai ne. A idon mai neman tarihi, fedar nan ta Sin ita ce shekarar da naira ta faɗi, kariyar kuma ita ce lokacin da albashi ya daina isa, ko ya daina zuwa gaba ɗaya, mai keken ya koma dako ko sayar da ruwa. Wanda ya cire su ya sayo na asali daga Ingila ya mayar, ya samu keken Notingam mai kyau, irin wanda Notingam take da ɗaruruwansa. Na Kaduna kuma ya ɓace.

Masana adana kayan tarihi sun daɗe da wuce wannan gardama. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda aka yi a kan gine-ginen tarihi, ta tsaya a kan cewa gudummawar kowane zamani ga gini abin girmamawa ce, kuma manufar gyara ba ita ce a mayar da komai salo guda ba. Abin da ya dace da masallaci ko fada ya dace da keke. Wani abin mamaki ma shi ne, keken tsaunin da ake yi wa wannan tsauraran ƙa'ida shi kansa ɗan haɗe-haɗe ne. Samarin Marin sun ɗauki gangar jikin wani zamani, suka sa mata giyar keken tsere da hannun birkin babur. Da bakaniken Makera ya ga kekunansu na farko, da ya gane aikin 'yan'uwansa.

Saboda haka zamanin da ya kamata a maido wa keken Kakuri shi ne zamanin aikinsa. A wanke, a kashe tsatsa, a shafa mai a kan fentin da ya rage maimakon a kankare shi. Taya da tib da robar birki da boris abubuwa ne masu cinyewa, a sauya su ba tare da wani jin nauyi ba, domin keken da ba ya tsayawa idan an ja birki ba ya girmama kowa. Abin da ya karye a nemi irinsa daga wani mataccen keke na zamanin, wanda kuma aka cire a ajiye shi a leda tare da keken. Tabon walda a bar shi.

Kekunan gwanjo

Akwai wani rukuni kuma da ke shigowa kullum. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a shekarar da ta biyo, keke ya dawo titi. Ma'aikata da ɗalibai da masu gadi suna sayen na hannu da ake kwasowa daga Turai da Japan da Amurka, kuma da yawansu kekunan tsauni ne na shekarun 1990, masu ƙafa inci 26 da gangar jikin ƙarfe. Can an yar da su ne domin kasuwa ta koma manyan ƙafafu da birkin faifai. A cikin tarin, jefi-jefi, akan samu Specialized ko Trek ko Marin ko GT da kayan Shimano na asali a jikinsa, irin wanda masu tarawa suke nema.

Wannan labari yana da haɗari idan ya faɗa bakin da bai dace ba. A 2009 jita-jita ta cika Saudiyya cewa tsofaffin kekunan ɗinki na Singer suna ɗauke da wani sinadari mai tsada, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, aka yi ta fasa shagunan teloli, daga baya ta tabbata babu komai. Yawancin kekunan gwanjo ba su da wata daraja ta musamman ko a can inda suka fito, kuma kuɗin mayar da keke ɗaya Turai zai cinye ribar da ake hange. Amfanin gane su ya fi kusa da haka. Keken ƙarfe na 1993 mai giya bakwai a baya yana gyaruwa da kayan aikin da ke akwatin kowane mai gyara a Sabon Tasha, kuma zai kai wani shekara ashirin yana bin ramukan titi. Mai shi da ya san haka ba zai yarda a cire masa giyar asali a sa ta roba don kawai waya ta tsinke ba. Waɗannan kekuna ba su da tarihin Kaduna tukuna, yanzu suke rubuta shi.

Ƙorafin da ke da nauyi

Wani zai ce: mutanen da suka hau waɗannan kekuna an bar su da yunwa, wasu sun mutu suna jiran haƙƙinsu, sai yanzu a zo ana tausayin ƙarfe? Ƙorafi ne na gaskiya, kuma akwai wata fuskarsa da ta fi zafi. Idan tara tsofaffin kekuna ya zama yayin masu kuɗi, za a riƙa zuwa ƙauye ana karɓe Raleigh daga hannun manomin da yake kai amfanin gona kasuwa da shi, a ba shi abin da ba zai sayi madadinsa ba, a kai a rataye a bangon wani gidan shan shayi na Barnawa.

Keken da ke aiki ba ya bukatar mai ceto, a bar shi ga mai shi. Wanda ake magana a kansa shi ne wanda ya riga ya kwanta, wanda tsakaninsa da sikeli kwanaki ne. Shi kuma duk wanda zai saya, ya biya fiye da kuɗin kilo, ya kuma zauna ya tambaya: wa ya saye shi, a wace shekara, nawa, a wace masaƙa yake, a wane sashe, wa yake yi masa gyara. Idan mai keken yana raye, wayar hannu ta isa ta ɗauki muryarsa. Keken da aka ajiye tare da wannan bayani yana tuna wa jama'a bashin da ake bin su. Wanda aka rataye ba suna ado ne kawai.

Aikin bai fi ƙarfin cibiyoyin da ke garin ba. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta san inda tsofaffin 'ya'yanta suke. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya san yadda ake ɗaukar tarihin baka. Gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu yana da masu adana kaya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da ɗaliban injiniya da za su amfana da zama kusa da tsohon mai gyaran keke na mako biyu. Kekuna goma sha biyu, kowanne da sunan mai shi da na masaƙarsa, ɗaki ɗaya zai ɗauke su. Saurayin da ya shiga KTL a 1975 yana ɗan shekara 20, a 2025 ya cika 70, kuma shi ne kaɗai zai iya cewa wace shekara aka sa fedar nan ta Phoenix.